Ɗan hakin da ka raina: Beljiyam da shari'ar Hissene Habre

Ranar Litinin 30 ga Mayu, 2016, gab da azahar, ina zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da yadi a Injamena. Mu biyar ne muka kewaye 'yar rediyonsa, wadda ya ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zube. Daga Dakar ake kawo labarin. Da aka ce alƙali Gberdao Gustave Kam ya yanke wa tsohon shugaban ƙasarmu Chadi, Hissene Habre, ɗaurin rai da rai, babu wanda ya yi tafi a rumfar nan, babu wanda ya yi kabbara. Telan da ke gefe ya ɗage ƙafarsa daga kan keke. Can sai dattijon ya rage muryar rediyo, ya dube ni ya ce, "Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai, ita wannan Beljiyam da ake ta ambato shekara da shekaru, me Habre ya taɓa yi mata?"

Na ce, "Baba, bai yi mata komai ba."

Ya ce, "To ina ruwan biri da gada?"

Amsar da na ba shi a ranar ba ta gamsar da ni ba, balle shi. Tambayar kuwa tana bisa hanya. Beljiyam ba ta mallake mu ba, Faransa ce. Ba mu da iyaka da ita. Faɗin ƙasar Chadi ya ninka nata sau arba'in da 'yan kai. Amma in ka bi diddigin shekara goma sha shida da aka kwashe daga shigar da ƙarar farko zuwa wannan hukunci, duk inda maganar ta kusa mutuwa za ka tarar da wannan 'yar ƙasa tsaye ta tokare ƙofa.

Abin da ya faru a gida

Habre ya karɓi mulki a Yunin 1982, ya sauka a ranar 1 ga Disamba, 1990, lokacin da dakarun Idriss Deby suka tunkaro Injamena. Ta Kamaru ya tsere, daga can ya wuce Senegal. Mu da muke da dangi a Kuseri mun san kusancin: tsakaninmu ruwa ne kawai, kana tsaye a wannan gaɓa kana hango mai wanki a wancan gaɓar.

Abin da ya riƙe ƙasar da shi a shekara takwas ɗin nan shi ne hukumar 'yan sandan ciki da ya kafa a 1983, wadda kowa ya sani da DDS. Gidan yarinta da ya fi suna shi ne La Piscine, wurin ninƙaya na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ƙananan kurkuku a ƙarƙashin ƙasa. Akwai ɗaurin da ake kira arbatashar, a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a tamke har jini ya daina zagayawa. An bi 'yan kudu a 1984, a abin da ake kira Baƙin Satumba. An bi 'yan ƙabilar Hajarai a 1987. An bi Zaghawa a 1989. Hukumar binciken da lauya Mahamat Hassan Abakar ya jagoranta ta fitar da rahotonta a 1992, ta ƙiyasta waɗanda suka halaka sun kai 40,000. Duk wannan ya faru Amurka da Faransa suna mara masa baya, saboda shi ne katangarsu a gaban Gaddafi. A 1987 Ronald Reagan ya karɓe shi a fadar gwamnatin Amurka.

Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda hira take mutuwa a majalisa da zarar baƙuwar fuska ta zauna. Mahaifina ko a cikin ɗakinsa ba ya ambatar sunan shugaban ƙasa, sai dai ya ce "mutumin".

Tun daga nan nake so mai karatu ya riƙe abu ɗaya: ba Bature ne ya fara wannan tafiya ba. Souleymane Guengueng, akawu a Hukumar Tafkin Chadi, an kama shi a 1988, ya fito a Disambar 1990 ido ya kusa mutuwa. Ya yi wa Allah alkawari a kurkuku cewa in ya fito da rai zai nemi gaskiya. Ya kafa ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ya tattara bayanan mutum 792, ya ɓoye takardun a gidansa shekaru, domin tsofaffin jami'an DDS da yawa suna nan a kan muƙamai a sabuwar gwamnati. Clement Abaifouta, wanda aka kama yana shirin tafiya karatu Jamus, shekara huɗu ya yi a tsare, aikinsa binne 'yan'uwansa fursunoni a Hamral Goz, bayan gari. Lauyarsu Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a Yunin 2001 a wajen zanga-zangar mata a Injamena, ta yi jinya mai tsawo, ta dawo ta ci gaba. Su ne masu kayan.

Dakar ta buɗe, ta rufe

Kama tsohon shugaban Chile, Pinochet, da aka yi a Landan a 1998 shi ya nuna musu hanya. A Janairun 2000 suka shigar da ƙara a Dakar, da taimakon Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch. Ranar 3 ga Fabrairu alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habre, ya sa masa ɗaurin talala. Murna ba ta daɗe ba. Abdoulaye Wade ya ci zaɓe a Maris, lauyan Habre, Madicke Niang, ya zama mai ba Wade shawara, aka ɗauke Kandji daga kan shari'ar. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar a Yuli, kotun ƙoli ta tabbatar a Maris ɗin 2001: dokar Senegal ba ta ba kotunanta hurumin laifin da baƙo ya yi a ƙasar waje ba. Habre ya shekara goma a Dakar, ya yi gida, ya yi dukiya, ya yi mutane. Ta leƙo ta koma.

A nan ne maganar ya kamata ta mutu, kamar yadda irinta ta saba mutuwa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ba ta da abin yi, don huruminta ya fara ne daga 1 ga Yuli, 2002, laifukan Habre kuwa sun riga ta da shekaru.

Shigowar Beljiyam

Beljiyam tana da wata doka tun 1993, wadda aka faɗaɗa a 1999, da ta ba kotunanta damar sauraron manyan laifuka irin su kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi, ko a ina aka yi su, ko wa ya yi su. Da ita aka hukunta 'yan Ruwanda huɗu a Brussels a 2001, cikinsu har da mata biyu masu hidimar coci. A Nuwambar 2000, tun kafin kotun ƙolin Senegal ta rufe ƙofa, wasu 'yan asalin Chadi uku da suka zama 'yan ƙasar Beljiyam suka shigar da ƙarar Habre a Brussels.

Abin da ya bambanta wannan ƙara da takardun da ake ajiyewa a durowa shi ne alƙalin ya taso ya zo. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2002 Daniel Fransen ya sauka Injamena da mai gabatar da ƙara da 'yan sandansa. Ya shiga La Piscine. Ya je kaburbura. Ya zaunar da waɗanda aka azabtar da tsofaffin jami'an da suka azabtar da su, fuska da fuska. Ya kuma ɗauki kwafin takardun DDS da aka tsinta a 2001 a tsohuwar hedikwatar hukumar, a zube a ƙasa cikin ƙura. Da aka tantance takardun nan aka sami sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Hukumar da kanta ta rubuta, da hannun akawunta, rahotanni da yawa kuma kai tsaye ake aika su ga shugaban ƙasa. A Oktobar wannan shekara gwamnatin Chadi ta rubuta cewa ta janye wa Habre duk wata kariya.

Sai guguwa ta taso wa ita kanta dokar. Mutane sun yi ta shigar da ƙarar manya a Brussels: Ariel Sharon, Bush uba, Janar Tommy Franks. A Yunin 2003 sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya fito fili ya yi barazanar cewa hedikwatar NATO na iya barin Brussels. Beljiyam ta durƙusa. A Agusta aka soke dokar. Ba zan ɓoye wannan ba, don shi ne iyakar ƙarfin ƙaramar ƙasa: inda yatsa ya nuna mai ƙarfi, ta janye hannu. Amma a cikin sabuwar dokar an bar kafa ga ƙararrakin da bincike ya riga ya yi nisa kuma akwai ɗan ƙasa cikin masu ƙara. Ta wannan kafa ƙarar Habre ta tsira. A Satumbar 2005 Fransen ya fitar da sammacin kama shi a duk inda yake, Beljiyam ta nemi Senegal ta miƙa shi.

Kwan gaba kwan baya

Shekaru bakwai da suka biyo baya, ba sai na tsawaita ba. Kotun Dakar ta ce ba ta da hurumin duba buƙatar. Wade ya tura maganar ga Tarayyar Afirka. A taron Banjul na Yulin 2006 shugabanni suka ce Senegal ta yi shari'ar da sunan Afirka. Senegal ta gyara dokokinta har da tsarin mulki, sannan ta ce sai an ba ta Yuro miliyan 27 a hannu kafin ta ɗaga ko alƙalami. Aka yi ta ciniki har aka sauko kan Yuro miliyan 8.6 a taron masu ba da gudummawa na Nuwambar 2010. A wannan watan kotun ECOWAS ta ce sai dai a kafa kotu ta musamman. A Yulin 2011 Wade ya ce zai sa Habre a jirgi ya mayar da shi Injamena, inda aka riga aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa tun 2008, sannan ya fasa cikin 'yan kwanaki. Ana cikin wannan jan ƙafa masu shaida suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Beljiyam ba ta yi fushi ta tafi ba, ba ta kuma yi bugun ƙirji ba. Ta sake aika takardar neman miƙa shi, aka ce akwai kuskure a takardun, ta sake aikawa, har sau huɗu jimilla. A Fabrairun 2009 kuma ta yi abin da ƙasashe ba su cika yi wa juna ba a kan baƙin da ba nasu ba: ta kai Senegal ƙara Kotun Duniya da ke Hague.

A nan sai an yi hattara, don a bakinmu kotuna biyu ne muke kira Kotun Duniya, dukansu kuma a gari ɗaya suke. Ɗaya tana hukunta mutane, ita ce ta fitar da sammacin Umar al-Bashir. Ɗayar, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tsakanin ƙasa da ƙasa take raba gardama. Wannan ta biyun Beljiyam ta je. Hujjarta ita ce yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wadda ita da Senegal duk sun sa wa hannu. Yarjejeniyar ta ce in wanda ake zargi da azabtarwa yana ƙasarka, ko ka gurfanar da shi, ko ka miƙa shi ga mai gurfanarwa. Babu hanya ta uku.

Senegal ta yi tambaya irin ta Baba mai yadi: ina ruwan Beljiyam, alhali babu wanda yake ɗan ƙasarta a lokacin da aka azabtar da shi? Amsar da kotu ta bayar ranar 20 ga Yuli, 2012, ita ce a ganina zuciyar wannan lamari. Ta ce alkawarin hana azabtarwa ba tsakanin ƙasa biyu aka ƙulla shi ba, kowace ƙasa da ta sa hannu ta ɗauke shi ne ga dukan sauran, saboda haka kowace ɗaya tana da bakin tuhumar wadda ta saɓa, ko da ba a taɓa ɗanta ba. Ta kuma ce rashin kuɗi ko miƙa magana ga Tarayyar Afirka ba uzuri ba ne. Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ƙarin jinkiri ba, ko ta miƙa shi. Bahaushe ya san wannan tun kafin Hague. In 'yan adashi goma ne, ɗaya ya ƙi zubi, ba sai mai kwasar ranar kaɗai ke da ikon magana ba. Wannan hukunci ya yi rassa: a 2019 Gambiya, wadda ba ta kai ko Beljiyam girma ba, ta bi irin wannan hanya ta kai Myanmar ƙara a kan Rohingya.

Gaskiya kuma, hukuncin kaɗai da bai wadatar ba. Ya zo daidai da sauyin gwamnati. Macky Sall ya kayar da Wade a Maris ɗin 2012, ministar shari'arsa Aminata Toure ta riƙe maganar da gaske. A Agusta Senegal da Tarayyar Afirka suka sa hannu kan kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal. Aka buɗe ta a Fabrairun 2013, aka kama Habre ranar 30 ga Yuni. Kuɗin aikin, Chadi ce ta fi kowa zubawa, sefa biliyan 2. Tarayyar Turai ta ba da Yuro miliyan 2, Holan miliyan 1. Beljiyam Yuro 500,000 ta bayar. Wannan adadi yana burge ni, don yana nuna ba da aljihu ta yi tasiri ba. Da naci ta yi, da kuma kundin binciken Fransen da ta miƙa wa sababbin alƙalai, suka ɗora a kai.

Zargin mulkin mallaka

Magoya bayan Habre sun yi ta cewa wannan duk makircin Turawa ne, shi da kansa abin da ya yi ta ihu ke nan ranar 20 ga Yuli, 2015, da aka shigo da shi kotu da ƙarfi. Ban raina wannan magana ba. Beljiyam ce ƙasar Sarki Leopold da abin da ya yi a Kwango. Kwamitin majalisarta da kansa ya amince a 2001 cewa gwamnatinta na da alhaki ta fuskar ɗa'a a kisan Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko. Kuma mun ga yadda ta naɗe tabarmarta da aka ambaci manyan Amurka. Duk wanda ya ce adalcin nan yana da zaɓe bai yi ƙarya ba.

Sai dai ina roƙon mai wannan ra'ayi ya dubi inda aka ƙare. Ba a Brussels aka yi shari'ar ba, a Dakar aka yi. Shugaban alƙalai ɗan Burkina Faso ne, na ɗaukaka ƙara, Ougadeye Wafi, ɗan Mali, babban mai gabatar da ƙara Mbacke Fall ɗan Senegal. Shaidu 93 aka saurara, mafi yawansu daga nan suka tashi. Mun gan su a talabijin ɗinmu. Mun ga Khadidja Hassan Zidane ta tsaya taku kaɗan daga gabansa, yana naɗe da farin rawani da baƙin tabarau, bai ce uffan ba, ta faɗi abin da ta ce ya yi mata da kansa. Mun ji matan da aka kai sansanin soja na Wadi Dum a hamada aka mayar da su bayi. Shugabannin da suka fi ɗaga murya cewa kada a kai ɗan Afirka Turai, shekara nawa suka yi da shi a hannunsu ba su motsa ba? Tsoron abin kunyar a gan shi a jirgin Brussels shi ya sa aka yarda a yi a gida. Da babu buƙatar Beljiyam a kan tebur, babu abin da zai tilasta kowa. Wannan ne karo na farko da kotunan wata ƙasa suka hukunta tsohon shugaban wata ƙasar a kan irin waɗannan laifuka.

Akwai giɓi da ba zan tsallake ba. Habre kaɗai ya tsaya a gaban kotun. Akwai wasu da ta nema suna hannun Chadi, gwamnati ta ƙi miƙa su, ta yi musu tata shari'ar a Injamena, inda a Maris ɗin 2015 aka ɗaure tsofaffin jami'ai 20, cikinsu har da tsohon shugaban DDS Saleh Younous. Deby kuwa, wanda shi ne babban hafsan soja lokacin Baƙin Satumba, babu kotun da ta kira shi har ya rasu a 2021. Ƙasashen da suka ba Habre makamai da horo ma babu wanda ya tambaye su.

Wanka da jirwaye

Inda abin yake mini ciwo shi ne diyya. A Afrilun 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin rai da rai, ko da yake ta cire tuhumar fyaɗen da aka ce ya yi da kansa, bisa dalilin ƙa'idar shigar da ita. Ta yanke diyyar sefa biliyan 82 da 'yan kai ga mutum 7,396, ta ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka nemo dukiyarsa da karɓar gudummawa. Kotun Injamena ta 2015 ita ma ta yanke sefa biliyan 75, rabi a kan gwamnati, ta kuma ce a gina wurin tunawa da mamata, a mayar da tsohuwar hedikwatar DDS gidan tarihi. Habre ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agusta, 2021, cutar korona ta ɗauke shi, aka binne shi a maƙabartar Yoff, waɗanda ya zalunta ba su karɓi ko dala daga wannan asusu ba. Mun sha ganinsu a bakin titi a Injamena, tsofaffi, wasu da sanda, suna zaman dirshan cikin rana. Sai a 2024 gwamnatin Mahamat Deby ta fara raba sefa biliyan 10 ga mutum wajen 10,700, kowa ya tashi da abin da bai kai miliyan ɗaya ba. Kotun Dakar kuwa miliyan 15 ta yanke wa wanda aka tsare aka azabtar, miliyan 20 ga matar da aka yi wa fyaɗe.

Ƙasashen da suka tsaya kai da fata sai an yi shari'a, Beljiyam a gaba, ban ga sun tsaya haka a kan diyya ba. Na fahimci dalili. Kai ƙara Hague aiki ne na lauyoyi, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, yana kuma ɗaga sunan ƙasa. Bin asusu a ofisoshin Addis Ababa shekara bayan shekara ba ya shiga labarai. Amma ita yarjejeniyar ta 1984 da aka kafa hujja da ita, a cikinta akwai haƙƙin wanda aka azabtar na samun diyya da magani. Wanda ya tashi tsaye a kan saƙo ɗaya na takarda, ya kamata ya kai sauran saƙon. Jakadan da ya iya aika buƙata sau huɗu zai iya tambaya a kowane taro da Tarayyar Afirka: ina asusun nan ya kwana?

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da muke kira Inna. Mijinta ɗan koli ne, ya fita da safe a 1987 da jakarsa bai dawo ba, har yau babu wanda ya san wa ya ɗauke shi. Ba ta shiga ƙungiya ba, ba ta cika takarda ba, sunanta ba ya cikin 7,396 ɗin nan, ba ya cikin 10,700. Da ake rabon kuɗin na je gaishe ta, na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, "Inna, da an rubuta sunanki da yanzu kin samu wani abu." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗana, su takardun da aka ce an tsinta a ƙasa, akwai mai iya duba mini ko sunansa na ciki? In na san wurin, ko Fatiha na je na karanta masa."